Baba Markus da Saƙon da Ba Shi da Tukwici

Kafin in buɗe shagona na magani da safe, Baba Markus ya riga ya iso. Shagon yana kallon ƙofar asibiti a nan Kontagora, titi ne kawai tsakaninmu, saboda haka shekara da shekaru nake ganin yadda yake fara ranarsa. Yakan kafe babur ɗinsa a gindin darbejiya, ya zaro wani tsumma ya goge shi tun daga fitila har lamba, ko da yake babur ɗin ya tsufan da guga ba ta ƙara masa komai. Sai ya gaida mai gadi, ya gaida mata masu kunu da ƙosai, ya ɗago mini hannu daga can ya ce, "Mai kemis, an tashi lafiya?" Daga nan ya zauna a benci cikin sauran 'yan acaba yana jiran fasinja.

Yawancin ranaku haka suke wucewa, ya kai wannan kasuwa, ya kai wancan tasha. Amma akwai ranar da wata ma'aikaciyar jinya za ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta kira kowa ba, ta dai dubi inda yake. Sauran 'yan acaba sai kowa ya sami abin dubawa a jikin babur ɗinsa. Shi kuwa ya miƙe, ya gyara hularsa, ya bi ta ciki. In ya fito, kowa ya san wani ya cika a kan gado, kuma danginsa suna can wani ƙauye ba su sani ba. Baba Markus ne zai je ya gaya musu. Fiye da shekara talatin yana wannan aikin, ba wanda ya ɗauke shi, ba wanda ya naɗa shi.

A wannan watan zai ajiye makulli. Yanar ido ta rufe masa na dama, na hagu ma ya fara hazo, kuma 'yarsa Rachel ta rantse in ya sake hawa babur za ta zo daga Dukku, wadda ke nan yankinmu, ta sayar da shi. Ita kaɗai Allah ya bar masa, can take aure. Na ce bari in rubuta wannan tun yana ji da kunnensa, domin mun iya yabon mutum bayan an rufe shi da ƙasa. Na kuma rubuta saboda wata magana da ya yi mini kwanan baya, yana zaune a bakin shagona ina ɗiga masa maganin ido. Ya ce, "Mai kemis, na kai na kowa. Nawa fa, wa zai kai wa Rachel?" Ya faɗa yana murmushi, amma na san ba wasa yake ba.

Muna da wata magana da muke yi kullum ba ma tsayawa mu dube ta: hannu rabbana. Mafarauci ya wuni a daji bai kama ko gafiya ba, mu ce ya dawo hannu rabbana. Dillali ya sha rana yana haɗa mai saye da mai sayarwa, ciniki ya watse, ya koma gida hannu rabbana. Uwa takan ja kunnen ɗanta kada ya shiga gidan surukai hannu rabbana. Hannun mai addu'a ake nufi, a buɗe, yana kallon sama, ba komai a cikinsa. Yawanci maganar ta rana ɗaya ce, ranar da ba a yi sa'a ba, gobe a fanshe. Ban taɓa sanin mutumin da ta zame masa hanyar rayuwa ba sai wannan dattijon.

Ku duba al'adarmu. Ba mu da rowa ga ɗan aike. Wanda ya kawo maka kyauta yana da tukwici. Wanda ya kawo kwanon abinci, ba a mayar masa da kwanon wayam. Wanda ya zo ya ce "albishirinka", tun bai faɗi labarin ba ka amsa masa da "goro", ya tambaye ka fari ko ja, ka ce fari. Saƙo ɗaya ne kawai ba shi da tukwici, shi ne saƙon mutuwa. Wa zai miƙa goro don an ce masa ɗansa ya rasu? Bayarwar ma abin kunya ce, sai a ce murna kake yi. Ban ga laifin al'adar ba. Sai dai ta bar mutum ɗaya a waje, mu kuma ba mu waiwaya ba.

Kada wani ya ce ai ana biyansa kuɗin hanya. Wani lokaci mai jinya yakan sa masa mai a babur, in da saura a hannunsa. Sau da yawa babu sauran, kuma ni shaida ne, don a shagona abin ya ƙare. An ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Baba Markus aski yake ta yi bai ci ladan kowa ba.

Mutumin Dukku ne, da Dukanci ya buɗe baki, har yau Hausarsa tana da ƙanshinsa. Yana saurayi ya yi ƙodago a gonakin Kambari, ya tsinci yarensu. Abin da ya jefa shi cikin wannan aiki ke nan. Tun ba a san wayar hannu ba, wata mata ta kawo mijinta daga wani ƙauye a bayan Kumbashi, mijin ya rasu, ita kuma ba ta jin Hausa sai gaisuwa. Ta zauna a bakin ƙofa tana magana ba mai gane ta. Shi ya gane. Ta ce ba za ta iya barin gawar ba, ba kuma za ta iya komawa ita kaɗai ta fuskanci uwar mijin ba. Ya hau babur ya tafi. Bayan mako biyu aka sake samun irin haka, wani ya ce a kira wancan ɗan acaban da ya je rannan. Shi ke nan, abin ya manne masa.

Da yana da sakaci, da tuni an daina kiransa ya huta. Matsalarsa ita ce ya iya. A hankali, cikin hirarrakinmu na bakin shago, na gane yadda yake yi. Ba ya shiga gari a kan babur. Yakan kashe shi a bayan gari ya taka da ƙafa, don ƙarar inji tana tara jama'a, kuma bai kamata uwa ta ji mutuwar ɗanta a gaban 'yan kallo ba. Ba ya zarcewa gidan. In Musulmi ne ya nemi liman, in Kirista ne ya nemi fasto ko dattijon coci, in masu bin al'adar kakanni ne ya san wanda ya kamata a fara gaya wa. Tare suke shiga. Ba ya magana a tsaye, ba ya kuma barin wanda zai ji ya ji a tsaye. Sannan akwai abin da yawancinmu muke yi don sauƙi, mu ce "jikin ya yi tsanani, ku zo", alhali mutum ya riga ya tafi. Shi ya ƙi wannan ƙememe.

"Ba na sa mutum ya dama kunu ya kawo wa gawa," in ji shi. "Ka ba shi bege ya ɗauko a ka tun daga ƙauye, ya zo nan ya fashe masa? A'a. Gara ya yi kukansa a gida, inda akwai masu riƙe shi."

Hajiya Hadiyya tana sayar da atamfa a kasuwa yanzu, amma a Kumbashi ta yi aurenta na fari, can kuma Baba Markus ya same ta ranar da motar hatsi ta kife da mijinta. Na tambaye ta ko ta yarda in rubuta, ta ce in rubuta da sunanta.

"Ina daka ne, Malam Shamsu," ta ce. "Na ga liman ya shigo da baƙo. Baƙon ya ce in ajiye taɓarya in zauna. Na ce a faɗa mini a haka, ya ce a'a, sai na zauna. Shi ma ya zauna a ƙasa, ga tabarma ya ƙi hawa. Ya kira sunan maigidana cikakke, ya ce Allah ya yi masa rasuwa ɗazu da hantsi, ya ce yana wurin, bai daɗe yana wahala ba. Ni ban san Kirista ne ba sai daga baya, don tare da liman ya yi innalillahi. Na tambaye shi ko ya bar magana. Ya ce ruwa kawai ya nema, aka ba shi. Ka ga da wani ne sai ya ƙara gishiri don ya faranta mini, ya ce ya ambace ni. Shi bai ƙara ba. Shi ya sa da ya ce bai wahala ba na yarda, kuma wannan yardar ce ta riƙe ni. Bai tashi ba sai da yayata ta iso daga unguwarsu." Sannan ta ce, "Shi kuwa Baba Markus, ko ruwa ban tuna an ba shi ba."

Kai ne wanda ke zama a ƙasa ga tabarma a shimfiɗe, Baba Markus. Kai ne ka shiga gidajen da 'yan uwan jini suka tsaya a waje suna tura juna. Ka ɗauki kayan da ba naka ba, ka sauke shi a hankali kamar mai sauke tulu, ka juya ba wanda ya raka ka ko bakin zaure.

Da rashin tukwici ne kaɗai, da da sauƙi. Abin da ke ba ni haushi shi ne abin da muka biya shi da shi a madadin. Aka laƙaba masa suna, Baba Sai-Haƙuri, ana faɗa a bayansa, daga baya har a gabansa. Mace mai ciki ba ta hawa babur ɗinsa. Na sha ganin fasinja ya nufo benci, ya gane shi, ya karkata wajen na kusa da shi ko da yake layinsa ne. A ƙauyukan da ya saba zuwa, in ya je sayen doya kawai, sai ya ga mata suna janye yara suna shigewa gida. Ba a gayyatarsa suna, ba a gayyatarsa biki. Sunday, abokin aikinsa da suka fi daɗewa tare a gindin darbejiyar nan, ya taɓa ce mini, "Malam, ko ni ranar auren ƙanwata sai da tsohuwarmu ta ce kada in kawo shi. Wai ƙafarsa." Mu ne masu cewa ɗan aike ba shi da laifi, mu ne kuma muka ɗora wa ƙafarsa abin da Allah ya hukunta. Mutuwa ta shiga gida ba sallama, mun rasa yadda za mu yi da ita, sai muka huce a kan wanda ya yi sallama.

Da waya ta zo, mun ɗauka zai huta. Ya ɗan huta, amma ba sosai ba. Ƙauyuka da yawa sai an hau tudu ake samun sabis, tsofaffi kuma ba su riƙe waya. Ga kuma sabuwar ɗabi'ar nan ta saka hoton mamaci a waya ana "Allah ya jiƙansa" tun uwarsa tana gona ba ta ji ba. Masu hankali cikin masu jinya suka ci gaba da nemansa. Na taɓa tsokanarsa na ce waya ta ƙwace masa sana'a. Ya ce, "Waya tana faɗa, amma ba ta zama da mutum." Ko a shekarun da hanyar Kasuwan Garba ta lalace, direbobi suna jiran juna su tafi a ayari saboda 'yan bindiga, shi yakan tafi. Matarsa Fure ta yi faɗa har ta gaji. Takan ce masa, "Wata rana kai za a kawo mini." Shi kuma ya ce ai ba mai kawowa, dole ya dawo da kansa.

Fure mai waina ce a kasuwa, mace mai dariya da ƙarfi, ita ce kaɗai na taɓa ji tana kiransa Sai-Haƙuri ya yi dariya. Shekara uku ke nan da rasuwarta. Ranar ina Kaduna sayo kaya, saboda haka abin da zan faɗa daga bakin Sista Salome na ji shi, wadda ta yi shekaru tana aikin jinya a nan, ita ce kuma ta fi kowa fitowa bakin ƙofa ta dube shi. Ban ambaci Kaduna don in wanke kaina ba. Ban san abin da da zan yi ba in ina nan.

Da safe aka aike shi Kumbashi da saƙon wani tsoho. Bai daɗe da tafiya ba Fure ta yanke jiki ta faɗi a gaban tandarta, hawan jini. Matan kasuwa suka kawo ta, kafin azahar ta cika. Kowa a bakin ƙofar nan ya sani: 'yan acaba, masu kunu, mai gadi, ma'aikata. Aka taru ana tambayar wa zai gaya masa. Sista Salome ta ce wata daga cikinsu, saboda sabo, har ta buɗe baki ta ce, "A kira Markus mana," sannan ta ji abin da ta faɗa ta rufe bakinta da hannu. Wani ya ce a buga masa waya, aka ce shi da kansa ya hana faɗin irin wannan a waya, kuma yana kan babur. Wani ya ce a tare shi a hanya, kowa ya yarda shawara ce mai kyau, ba wanda ya tayar da babur. An ce a nemo fasto, aka tarar ya yi tafiya. Haka aka yi ta miƙa wa juna har la'asar ta yi.

Ya dawo ya kafe babur a inda ya saba, ya yi sallama. Ba wanda ya amsa da kyau. Kowa ya sunkuyar da kai. Shi kuwa ya san wannan shirun fiye da kowa a garin nan, sai dai bai taɓa tsayawa ta wannan gefen nasa ba. Ya gyara hularsa, ya dubi Sista Salome ya ce, "Sista, na wane gari ne? Bari in ƙara mai in tafi tun da sauran rana."

"Wallahi, Malam Shamsu, bakina ya ƙi buɗuwa," in ji ta. "Na gaya wa mutane da yawa a cikin ɗakin jinya, amma shi na kasa. Yana tsaye, mu ma muna tsaye. Sai idonsa ya kai kan takalmanta, matan kasuwa sun ajiye su a gefen bencin mai gadi. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya zauna a ƙasa da kansa, ba wanda ya ce masa ya zauna."

Washegari da sassafe, kafin a yi shirin jana'iza, ya hau babur ya tafi Dukku. An ce a tura wani, ya dubi masu maganar kawai ya wuce. Ya kashe babur a bayan garinsu, ya nemi dattijon coci, ya shiga gidan 'yarsa ya sa ta zauna, ya gaya mata uwarta ta yi barci cikin Ubangiji. Ya ɗauko ta a baya suka dawo tare. Wannan abin yana ci mini rai har yau, kuma ina ganin ya kamata ya ci ran duk wanda ya taɓa zama a gindin darbejiyar nan. Mutum ya yi mana abu ɗaya shekara talatin, rana ɗaya ya buƙace shi, aka rasa mai yi masa.

Hajiya Hadiyya ce ta yi yunƙurin gyara wani abu, kuma Allah ya saka mata da niyyarta. A daminar bana 'yarta Ruka ta haihu a asibitin nan, namiji, bayan shekaru ana jira. Dangin mijin Ruka a Kumbashi suke, kakar jaririn tsohuwa ce da ta kusa fid da rai da ganin jika. Hajiya ta hana kowa buga waya. Ta fito bakin ƙofa da kanta ta ce, "Baba Markus, yau kai za ka kai albishir. Ka je ka ci goronka, ko sau ɗaya ne a duniya." Na ga fuskarsa ranar. Ya shigo shagona yana tambayata, kamar ɗan makaranta, wai shi zai ce "fari ko ja" ko su za su ce. Ya koma gida ya sako rigarsa ta zuwa coci.

Da yamma ya dawo, ya zauna a bakin shago yana dariya ƙasa-ƙasa. Na ce ina goron.

"Mai kemis, laifina ne," ya ce. "Na kashe babur a bayan gari."

Hannunsa ne ya yi abin da ya saba, kafin ya tuna ya riga ya fara takawa. Wata mata a bakin rijiya ta hango shi yana tafe da ƙafa, ta san Ruka tana asibiti, ta yar da guga ta ruga. Kafin ya kai ƙofar gidan kuka ya kaure. Tsohuwar ta zube a tsakar gida tana kiran sunan Ruka. Ya ce "albishirinku" ba wanda ya ji, ya sake faɗa, wani ya riƙe shi yana cewa a bari liman ya iso tukuna. Da ƙyar ya samu aka saurare shi. Da tsohuwar ta gane, ba murna ta fara yi ba, faɗa ta kama: duk mutanen Kontagora a rasa wanda za a aiko sai wannan, so ake a kashe ta? Daga baya guɗa ta tashi, gida ya cika, ana ta shiga da fita. Shi kuma ya tsaya a gefe, ya ga ba mai kallonsa, ya koma wajen babur ɗinsa. Bayan kwana biyu suka aiko da goro da zabi biyu, tukwicin albishir, a ba Hajiya. Ta kai masa gida da kanta tana hawaye. Ya karɓi goro ɗaya don kada ta ji kunya, ya ce zabin a yanka wa mai jego.

Ya ba ni labarin yana dariya, ni ma na yi, don abin da ban dariya. Amma da ya tafi na kasa sallamar masu sayen magani da kyau. Ashe mun riga mun mayar da shi abin da ko alheri ya ɗauko ba za a gane ba.

Baba Markus, na gode. Na faɗa a madadin matar nan ta bayan Kumbashi da ba ta jin Hausa, da Hajiya Hadiyya, da gidajen da ba su ma riƙe sunanka ba sai laƙabin da muka ba ka. Mun gode da gaskiyar da ba ka taɓa yi wa ado ba, da zaman da ka yi har 'yan uwa su iso. An ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza, kuma na yi imani naka yana wurin da ba a mantuwa. Sai dai wannan tsakaninka da Ubangijinka ne, bai sauke mana namu nauyin ba. Ka yafe mana.

Ku kuma masu karatu, ba ina cewa kowa ya sayi babur ya zauna a ƙofar asibiti ba. Amma ranar da irin wannan labari ya faɗo hannunku, kada ku yi gaggawar saka hoto a waya, kada kuma ku tsaya jiran wani ya je. Ku taka da ƙafarku, ku nemi dattijo, ku sa mutum ya zauna. In kuma wani ne ya kawo muku, ba a ce ku ba shi goro ba, amma in kun haɗu a kasuwa bayan an share makoki ku miƙa masa hannu. Baba Markus yana nan a unguwarsu, ya ƙi komawa Dukku don ya ce kabarin Fure a nan yake. Ƙofarsa ba ta da wuyar samu, kuma ba ta cika ganin baƙi ba.

Jiya ya zo ɗigin ido. Da na gama na ce masa, "Baba, maganar nan da ka yi rannan. In Allah ya sa na riga ka, shi ke nan. In kuma kai ka riga ni, ni zan je wa Rachel."

Ya juyo da idon da ke gani ya dube ni sosai. "Ka iya?"

Na ce ban iya ba, amma na daɗe ina jin yadda ake yi.

Ya gyaɗa kai. Ya gaya mini sunan dattijon da zan nema, ya ce Rachel tana da taurin kai irin na uwarta, za ta ce in faɗa mata a tsaye, kada in yarda. Ya miƙe ya laluba sandarsa, har ya kai bakin titi, sai ya juyo.

"Mai kemis," ya ce, "ka ci abinci kafin ka tafi. Can ba wanda zai tuna da kai."